Muhimmancin Horar da Masu Wa'azin Kirista a Ikkilisiyoyin da ke Amfani da Hausa

Gabatarwa

Duk ranar Lahadi, tun daga ƙauyukan kan duwatsun Filato har zuwa kwarin Binuwai, daga kudancin Kaduna zuwa ƙasar Tangale da Biyu da Mubi, har ya zuwa ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina da kewayen Maraɗi, akwai dubban mutane da kan miƙe tsaye gaban jama'a, su buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, su karanta, sa'an nan su yi bayani. Da yawa daga cikinsu ba Hausa suka buɗi baki da ita ba, haka ma masu sauraronsu. Wani Birom ne, wani Angas, wani Bajju, wani Margi ko Bura ko Bacama, amma Hausa ce ta haɗa su a majami'a kamar yadda ta haɗa su a kasuwa. Wannan abin lura ne ga ɗalibin Hausa, ko wane addini yake bi, domin fage ne babba da ake karanta rubutacciyar Hausa da murya a fili, ana kuma fassara ta ga mutanen da wasunsu ba su iya karatu ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa ikkilisiyoyi ke ɗaukar horar da waɗannan masu wa'azi da muhimmanci, da kuma irin horon da ake bukata. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kashin bayan wannan horo koyon karatu ne, watau karatun fahimta: sanin abin da nassi ya faɗa a inda ya faɗe shi, da sanin yadda kunnen mai sauraro zai ji shi idan ya fito cikin Hausa.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu rarrabe tsakanin wa'azi iri biyu. Akwai mai wa'azin da kan karanta aya ɗaya, ya rufe littafin, ya shiga faɗin abin da dama can ya fito da shi daga gida. Ayar a wurinsa tamkar sallama ce a ƙofar gidan da mutum ba shi da niyyar shiga. Akwai kuma wanda kan ɗauki sashe guda na Littafin, ya bi shi daki-daki, ya fito da abin da marubucin yake nufi, daga nan ya nuna wa jama'a inda maganar ta shafe su. Wannan na biyu shi ake kira wa'azin da ya tsaya kan nassi, kuma shi ne maganarmu. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, don ya san zaman tafsiri na watan azumi, inda mai jan baƙi kan jawo aya, malam ya fassara, kuma ba a yarda kowa ya hau wannan kujera ba sai wanda ya sha karatu a gaban malamai.

Tushen Abin a Cikin Littafin Kansa

Kiristoci sukan kafa hujjar horo da wasu labarai na cikin Littafin. A sura ta 8 ta littafin Nehemiya, an nuna Ezra a tsaye bisa dakalin katako a Urushalima yana karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa kuwa suna cikin jama'a suna warware musu ma'ana. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni kuma, ga wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana karatun littafin Annabi Ishaya cikin karusarsa, mutum mai ilmi da muƙami, amma da Filibus ya tambaye shi ko yana ganewa, bai ji kunyar cewa yana bukatar mai yi masa jagora ba. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Afolos, mutumin Iskandariya, a sura ta 18. Gwani ne wajen magana, yana da zafin himma, ya kuma san nassi, duk da haka sai da Akila da matarsa suka ja shi gefe suka cike masa abin da ya rage. Ke nan fasahar baki da himma ba su ɗauke wa mutum bukatar zama gaban wanda ya fi shi sani ba.

Nisan da ke Tsakanin Nassi da Mai Wa'azi

Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne, guda 66 a wurin ikkilisiyoyin Furotesta, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari, na Katolika kuwa sun ɗara haka. An rubuta su da Ibrananci da Aramiyanci da Helenanci, a cikin ɗaruruwan shekaru, ga mutanen da al'adunsu suka sha bamban da namu a wasu wurare, suka kuma yi kama da namu a wasu. Mai wa'azin ƙauye ba ya karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan harsuna. Abin da ke hannunsa fassara ce, fassarar kuwa tana da nata tarihi.

J. F. Schon, Bajamushen da ya yi aiki da ƙungiyar mishan ta C.M.S., shi ya fara wannan aiki bayan tafiyar kogin Kwara ta 1841. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya dogara ne da bakin waɗanda ya samu, musamman Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da Barth ya kai Ingila a 1855. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da ya fassara. Cikakken Littafin bai fito ba sai a 1932, bayan doguwar wahala ta Likita Mila, wanda ya iso ƙasar nan a 1900, ya zauna Zariya, tare da sauran abokan aikinsa na ƙungiyoyin mishan dabam-dabam. A 1979 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da sabuwar fassara, daga baya kuma wasu suka biyo, har da wadda ake kira Sabon Rai Don Kowa. Don haka a majami'a ɗaya yau ana iya samun tsoho da tsohuwar fassara wadda ya haddace tun yana saurayi, fasto da ta 1979, matashi kuma da wata dabam a cikin wayarsa. Wata ta ce Yesu Kristi, wata ta ce Yesu Almasihu. Mai wa'azin da bai san dalilin wannan bambanci ba yakan ɗauka ɗaya gaskiya ce ɗaya kuskure, har ya jefa shakka a zukatan mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, watau lambobin surori da ayoyi ba marubutan asali ne suka sa su ba. Rabon surorin da ake bi yanzu ana danganta shi ga Stephen Langton, wani babban limamin coci na Ingila a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ne, Robert Estienne, ya sa su a bugunsa na 1551. Sun yi haka ne don sauƙin nemo wuri. Amma illar da ta biyo baya ita ce, shafin Littafin ya koma kama da tiren mai tallan goro, kowa ya miƙa hannu ya zaɓi wanda ya yi masa. Bulus wasiƙa ya rubuta wa mutanen Filibi, ba wanda kuwa zai karɓi wasiƙa daga ɗan'uwansa ya karanta layi na goma sha uku kawai ya ninke ya ce ya ji saƙo.

Inda Ƙafa kan Zame

Bari mu kawo misalai, domin a nan ne bukatar horo ta fi fitowa fili.

Akwai wata aya a sura ta 29 ta littafin Irmiya da ake yawan rubutawa a jikin motoci da kalanda, wadda ke maganar kyakkyawan nufin da Allah yake da shi ga mutanensa. Mai wa'azi kan ɗauke ta ya yi wa jama'a albishir cewa kafin ƙarshen shekara wahalarsu za ta yanke. Wanda ya karanta surar tun daga farkonta zai tarar wasiƙa ce aka aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila wajen shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, ana gaya musu su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, domin zamansu a can zai kai shekara saba'in. Masu cewa za a komo nan da ɗan lokaci kaɗan su ne annabin yake ƙaryatawa. Ashe mai wa'azinmu, ba da saninsa ba, ya ɗauki maganar Irmiya ya yi wa'azin abokan gardamar Irmiya da ita. Abin takaici kuma, ya hana jama'arsa abin da surar take da shi na gaske, wanda ya fi amfani ga mutumin da rikici ya kora daga ƙauyensu yana zaune a inda bai zaɓa ba.

Haka littafin Ayuba. Kashi mai yawa na littafin jawaban abokansa uku ne, Elifaz da Bildad da Zofar, waɗanda suka nace cewa ba mai shan irin wannan wahala sai mai laifi. Maganganunsu suna da daɗin ji, suna kama da hikima. Sai a sura ta 42 ne Allah ya tsauta musu cewa ba su faɗi daidai a kansa ba. Na taɓa zama a wata majami'ar ƙauye inda wani dattijo mai kyakkyawar niyya ya yi wa'azi daga bakin Elifaz, a makon da aka binne yaron wata mata da ke zaune a layin gaba. Ya karanta daidai, bai ƙara ko wasali ba. Abin da ya kuɓuce masa shi ne tambayar farko da ake koya wa ɗalibi, watau wa ke magana a nan, kuma me littafin ya ce game da shi daga ƙarshe. Matar ba ta ce komai ba, amma ba na zaton ta fita da sanyin zuciya.

Zamewa ta biyu ita ce rashin rarrabe nau'o'in magana, kuma a nan ɗalibin adabin Hausa ya riga mutane da yawa sanin hanya. Mun san karin magana dabam, tatsuniya dabam, kirari dabam, labarin tarihi dabam, kowanne da yadda ake jinsa. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, shi ne kuma ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, ba wanda ya taɓa cewa ya yi tufka da warwara, don an san kowane karin magana da muhallinsa. To, a sura ta 26 ta littafin Karin Magana akwai ayoyi biyu a jere, ta farko ta hana a tanka wa wawa, ta biyu ta ce a tanka masa. Wanda ya ɗauki karin magana a matsayin doka ko alkawari zai ruɗe a nan, zai kuma ruɗar da uwar da ta yi iyakar ƙoƙarinta wajen tarbiyya amma ɗa ya kangare, ya sa ta ga kamar Allah ya saɓa mata alkawari ko kuwa ita ce mai laifi. A sura ta 9 ta littafin Alƙalai, Yotam ya ba da labarin itatuwa da suka fita neman sarki, zaitun ya ƙi, ɓaure ya ƙi, kurangar inabi ta ƙi, ƙaya ta karɓa. Duk wanda ya tashi da gatanan gatananku ya san wannan zubin, ya san habaici ne ake yi wa mai mulki. Labarin da Annabi Natan ya kawo wa Dawuda na attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci kuwa, hannunka mai sanda ne irin wanda fadawa masu hikima kan yi wa sarki. Horo mai kyau yakan farkar da wannan sani da ɗalibi ya zo da shi daga gida, ya nuna masa yadda zai yi aiki da shi a kan Zabura da misalan Yesu da wahayin Yahaya, maimakon ya karanta su duka da murya ɗaya kamar sanarwar hakimi.

Zamewa ta uku, wadda ta fi shafar sashenmu, ita ce ta kalmomi. Masu fassara sun ɗebo kalmomin addini da yawa daga rumbun da Hausa ta riga ta tara, galibinsu daga Larabci: wa'azi, aya, sura, annabi, mala'ika, tuba, zunubi, hadaya, sujada, zakka. Ba su da wata hanya, kuma sun kyauta. Sai dai kowace kalma ta shigo da kayanta a ka. Ɗauki "alheri". Da ita aka fassara kalmar Helenanci da Bulus yake nufin tagomashin Allah ga wanda bai cancanta ba. Amma a bakin titi, in aka ce wane ya yi mini alheri, kowa ya san hannu ne ya shiga aljihu. Mai wa'azin da bai tsaya ya warware wannan ba, jama'a za su ji ana yi musu alkawarin kuɗi a inda nassi yake maganar gafara. Ɗauki "jiki". Tsohuwar fassara ta fi riƙe wannan kalma a wasiƙun Bulus, ta baya kuwa ta koma "halin mutuntaka" a wurare da dama, domin abin da ake nufi shi ne halin ɗan Adam na bijire wa Allah, wanda ya haɗa da hassada da faɗa da tsattsaguwa. Mai jin "jiki" kawai yakan ɗauka fata da tsoka ne abin ƙi.

Wadda ta fi duka nauyi a zamaninmu ita ce "Shari'a". A wasiƙun Romawa da Galatiyawa kalmar tana nufin Attaurar Musa, gardamar kuwa ta cikin gida ce, a kan ko wajibi ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya ya kiyaye dokokin Yahudawa kafin a karɓe shi cikin masu bi. Tun daga 1999, lokacin da Jihar Zamfara ta ba da sanarwar faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci wasu jihohi suka bi sahu, kalmar ta ɗauki wani zafi a kunnen mutanen Arewa, Musulmi da Kirista. Mai wa'azin da ya karanta waɗannan surori bai faɗi wace shari'a ake nufi ba, ya bar mutane su ɗora wa Bulus maganar da bai yi ba, a kan abin da ya zo ɗaruruwan shekaru bayansa.

Ko karatun baƙi kansa yana da tarko, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A sura ta 17 ta littafin Sarakuna na fari, Iliya ya je wurin wata gwauruwa a lokacin fari, ya same ta a ƙofar gari, ba ta da komai sai ɗan gari a tukunya da ɗan mai. Bahaushe ba zai yi tuntuɓe ba, don bakinsa ya san fari na rashin ruwa da fari na launi, ya san gari na zama da gari na tuwo. Wanda Hausa ta zame masa harshe na biyu, in ba a koya masa ya karanta sashen a gida da murya kafin ranar Lahadi ba, sai ya sa yara dariya a inda ake son a yi shiru.

Makarantu da Harshen Koyarwa

'Yan mishan sun gane da wuri cewa aikin ba zai yiwu da bakinsu kaɗai ba. Ƙungiyar S.I.M., wadda mutanenta na farko suka sauka Ikko a 1893, ta buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro a farkon shekarun 1930, ƙungiyar S.U.M. kuma ta kafa tata a Gindiri a 1934. Da Hausa ake koyarwa a irin waɗannan makarantu. Ɗalibi kan zo da iyalinsa, ya yi noma ya ci da kansa, matarsa ma ta shiga aji, bayan 'yan shekaru a tura shi ƙauye a matsayin mai bishara. Waɗannan mutane, waɗanda sunayen yawancinsu ba su shiga littafin tarihi ba, su ne suka kafa mafi yawan majami'un karkara, su ne kuma suka koya wa ƙauyuka da dama karatun boko da Hausa. Da ikkilisiyoyi suka tsaya da ƙafafunsu, E.C.W.A. a 1954, tarayyar da ake kira TEKAN yanzu a 1955, sai aka ga bukatar ilmi mai zurfi. Aka buɗe Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya a 1959, wadda take Bukuru, sa'an nan makarantar tauhidi ta E.C.W.A. a Jos a 1980. Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya rasu a 1975 yana da shekara 39, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya cewa ikkilisiyar Afirka tana yaɗuwa da sauri fiye da yadda saiwarta take nutsewa, kuma maganin abin shi ne ilmi.

A nan ne wata matsala ta kunno kai wadda, a ganina, ba a ba ta kulawar da ta kamata ba. Manyan makarantun da Turanci suke koyarwa, littattafansu na Turanci ne, jarrabawarsu ma haka. Ɗalibi kan shekara huɗu yana nazarin Helenanci ta hanyar Turanci, ya fito da digiri, a tura shi majami'ar da sujadarta da Hausa ake yi. Abin da ya koya yana kansa, amma ba shi da Hausar da zai sauke shi da ita. Sai ka ji wa'azi rabi Hausa rabi Turanci, duk inda magana ta yi nauyi sai a tsallaka zuwa Turanci, watau daidai wurin da tsohuwa ta fi bukatar a yi mata bayani. A ɗaya gefen kuma, makarantun da ke koyarwa da Hausa an mai da su na waɗanda ba su sami shiga na Turanci ba, littattafan nazari da ke hannunsu kuwa ba su taka kara sun karya ba in an gwada da na Turanci. Mai ilmin nassi ya rasa harshe, mai harshe ya rasa kayan aiki. John Stott, malamin nan na Ingila da ya rasu a 2011, ya kwatanta wa'azi da gada tsakanin duniyar nassi da duniyar mai sauraro a littafinsa na 1982. A ƙasarmu ƙafar gadar ta wannan gaɓa da Hausa ake kafa ta, amma ba kasafai ake ɗaukar koyon Hausar wa'azi a matsayin darasi mai zaman kansa ba.

Masu Ja da Maganar

Ba kowa ne ya yarda da duk wannan ba. Akwai masu cewa wa'azi baiwa ce ta Ruhu Mai Tsarki, manzannin farko masunta ne ba su shiga makaranta ba, kuma sun ga masu digiri da wa'azinsu ba ya motsa ko kaza. Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, don takarda ba ta sa wa mutum tsoron Allah ko tausayin jama'a, akwai kuma tsofaffin masu bishara da ba su wuce makarantar Hausa ba amma sun san Littafin ciki da waje saboda yawan bita. Sai dai masu ba da amsa sukan tuna musu cewa masuntan nan sun yi wajen shekara uku suna biye da Malaminsu dare da rana, Bulus kuma a gaban Gamaliyel ya yi karatu, shi ne ya umarci Timoti ya damƙa abin da ya koya ga amintattun mutane da za su iya koya wa wasu. Tsofaffin nan da ake misali da su ma horo suka sha, ko da ba a aji ba.

Abin da ya sa gardamar ta wuce ta fatar baki shi ne abin da kan biyo bayan wa'azi. Mutumin karkara yakan ɗauki maganar da ta fito daga bagade da nauyi ƙwarai. In aka ce masa shan magani rashin bangaskiya ne, yana iya ajiye maganin. In aka ce masa abin da ya bayar zai komo masa ninki ɗari kafin kaka, yana iya sayar da akuyar da ta rage masa. In aka nuna masa cewa duk wata masifa akwai mai hannu a ciki, wata tsohuwa ce a unguwa za ta kwana da sunan maita. A ƙasar da Musulmi da Kirista suke katanga ɗaya kuwa, lasifika ba ta san iyakar harabar majami'a ba. Rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, daga gardama a kan abin da aka faɗa a wurin wa'azi ya tashi, ko da yake akwai wasu dalilai da suka daɗe suna gyambo a ƙasa. A da, muryar da ta wuce ƙauye sai ta gidan rediyo, kamar shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos, waɗanda sukan bi ta hannun masu dubawa kafin su fita. Yanzu kowa da waya a hannu, abin da mai wa'azi ya faɗa da safe a gaban mutum arba'in yana iya zagaya WhatsApp kafin la'asar, an yanke farkonsa da ƙarshensa.

Horon Wanda Ba Zai Iya Barin Gona Ba

Ko da makarantu sun ninka, ba za su wadatar ba, domin yawancin wa'azin da ake yi ba fastoci ne suke yinsa ba. Fasto guda yana iya riƙe majami'u da dama, ranar da yake wannan, dattijo ko malamin makarantar Lahadi ne zai tsaya a waccan. Ga kuma shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, waɗanda suke koyarwa kowane mako. Waɗannan ba za su bar gona ko shago su tafi Bukuru ba. Saboda irinsu ne aka ƙirƙiro tsarin kai karatun tauhidi gida, wanda ya faro a ƙasar Gwatamala a 1963 ya bazu har ya iso ikkilisiyoyin Nijeriya: ɗalibi yana gidansa da littafin darasi, malami ya riƙa zagayowa ana haɗuwa ana bita. Shirin horar da masu wa'azi na Langham, wanda ya samo asali daga aikin Stott a farkon shekarun 2000, shi ma ya bi wannan hanya. Akan tara mutane na 'yan kwanaki a koya musu, sa'an nan su koma su kafa ƙananan ƙungiyoyi a yankunansu. Ana auna wa'azi da tambayoyi uku: ya yi aminci ga nassin, ya fita sarai, ya kuma taɓa rayuwar masu ji?

Zaman irin wannan ƙungiya ba shi da wani ƙawa. Mutum shida ko bakwai ne a kan benci bayan sujada, an ba kowa sashe ɗaya tun makon jiya. Ɗaya ya tashi ya karanta, a gyara masa inda ya ja wasalin da bai kamata ba. A tambaye shi wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ya gabata, me ya biyo baya. A ce ya faɗi saƙon sashen cikin jimla ɗaya da Hausar da kakarsa za ta gane, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Sau da yawa a nan ake daɗewa, don sai an zo nan mutum yake gane cewa kalmar da ya shekara goma yana faɗa daga bagade bai taɓa tambayar kansa ma'anarta ba. Wani ya kawo yadda ake faɗin abin da Tarok, wani da Kilba, a gwada da fassarar 1932 da ta 1979, wani lokaci a tashi ba a daidaita ba, a ɗaga maganar sai zama na gaba.